Kafin hankali ya iso: abin da ke faruwa a jiki idan zuciya ta tashi

A watan Afrilu ne, wajen ƙarfe biyu na rana, lokacin da kwaltar Sakkwato ke tururi kamar an aza ta a murhu. Shigowata shataletalen Dandima ke nan sai na ji ƙarau, wani ɗan kabu-kabu ya ɗebe mini madubin gefe. Ban san sa'ad da na taka birki na fito ba. Kunnuwana sun ɗau zafi, hannuna na rawa, maganar da zan yaɓa masa har ta iso baki. Sai mutumin ya sauke rawanin da ya rufe fuska da shi, na ga farin gemu. Sa'an mahaifina ne, in ma bai girme shi ba.

"Yi hanƙuri ɗana," in ji shi. "Wallahi ban gane ka ba, wagga rana ta kashe man ido."

"Ba komi Baba, Allah shi kiyaye gaba."

Na tsinci madubina na koma mota ina jin kunyar abin da na kusa faɗa. Fushin ya tafi, amma ƙirjina bai daina dukan uku-uku ba har na kai Mabera. Ina shiga gida na yi tuntuɓe da butar da yaro ya bari a hanya, na daka masa tsawar da ta fi ƙarfin buta. Uwarsa ta leƙo daga madafi ta ce, "Lahiya dai, Malam?" Haushin kaza ne na huce a kan dami, kuma a lokacin da za a tambaye ni, rantsuwa zan yi cewa butar ce ta ɓata mini rai.

Wannan rabin awar ta ƙunshi kusan duk abin da masana ƙwaƙwalwa da halayyar ɗan Adam suka shafe shekara ɗari da ɗoriya suna gardama a kai.

Mu ba mu da kalma guda da ta tattara fushi da tsoro da murna da baƙin ciki a buhu ɗaya. Masu fassara kan ce motsin rai, ni ma da shi zan yi amfani. Amma dubi yadda Bahaushe ke ba da labarin abin da yake ji: gabana ya faɗi, hanjin cikina ya kaɗa, tsikar jikina ta tashi, jikina ya yi sanyi, wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Duk labarin jiki ne. A 1884 wani masani Ba'amurke, William James, ya fito da wata magana da ta yi wa mutanen zamaninsa bambaraƙwai. Ya ce mun juya abin ne: muna zaton tsoro ne ke sa mu makyarkyata, alhali jiki ne ke fara makyarkyata, jin wannan sauyin kuma shi ne tsoron. Ba a karɓi maganarsa duka ba, amma rabinta ya tsaya daram har yau: babu motsin rai da ba ya ratsa jiki.

Wanda ya bi diddigin abin da jikin ke yi shi ne Walter Cannon na Jami'ar Harvard, wajen 1915. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai ta aika saƙo ta jijiyoyi zuwa wasu 'yan curin nama biyu da ke zaune kamar hula a saman ƙoda, su kuma su antayo sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama-sama, hanta ta saki sukari, jini ya janye daga hanji ya kwarara zuwa manyan tsokoki. Abin da ya sa bakin mai fushi ke bushewa ke nan, abin da ya sa kuma mai fargaba ba ya iya cin tuwo ko an sa masa man shanu: jiki ya dakatar da aikin narka abinci, yana shirin kokawa ko gudu. Bayan 'yan mintoci wani sinadarin, kotisol, yakan biyo baya don ya riƙe shirin ya daɗe. Wannan tanadi ne na ranar haɗuwa da kura a daji. Damuwar ita ce jiki ba ya bambanta kura da saƙon murya a WhatsApp daga dangin miji.

A can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saitin kowane kunne, akwai wani ɗan curi da bai wuce girman gyaɗa mai ɓawo ba, ana kiransa amigdala. Joseph LeDoux na Jami'ar New York ya shafe shekaru yana gwaji da ɓeraye, ya nuna cewa saƙon abin da kunne ya ji yakan isa wannan curi ta hanya biyu. Akwai yanke, mai sauri amma mara tantancewa. Akwai doguwar hanya da ke bi ta sashen da ke nazari, ta iso a makare amma da cikakken bayani. Shi ya sa za ka yi tsalle ka dira gefe kafin ka gane cewa igiyar guga ce ba maciji ba. Kuma amigdala na da riƙo. Da Hausawa suka ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, aikinta suka siffanta. A yau masana na gargaɗin kada a ɗauke ta gidan tsoro kawai, domin takan motsa a kan duk wani abu sabo ko mai muhimmanci, kuma ba ita kaɗai ke aikin ba. Sai dai a matsayin maigadi mai saurin busa usur, kwatancin bai yi nisa da gaskiya ba.

Mai taka mata birki shi ne sashen da ke bayan goshi, inda ake auna abin da zai je ya dawo. Shi ne sashen da ke gama nuna a ƙarshe, sai mutum ya kai wajen shekara 25. Duk wanda ya taɓa raba faɗan samari a gidan kallon ƙwallo ya ga wannan da idonsa: injin ya gama haɗuwa, birkin ne da saura.

To me ya kashe mini fushi a Dandima? Madubin dai yana ƙasa a fashe, kafin ganin gemu da bayansa. Abin da ya sauya shi ne labarin da na ba kaina. Da farko labarin shi ne wani ɗan iska ya raina ni. Bayan daƙiƙa biyu ya koma dattijo yana neman na cefane a cikin wannan rana. Bugun ƙirji ɗaya, rawar hannu ɗaya, amma sunan abin ya tashi daga fushi ya koma kunya. A 1962 Stanley Schachter da Jerome Singer sun yi wa ɗalibai allurar adirenalin da sunan bitamin, suka zaunar da wasu tare da mai barkwanci, wasu tare da mai ƙorafi da zafin kai. Waɗanda ba a gaya musu abin da allurar za ta yi musu ba sun fi karkata ga yanayin wanda suka zauna da shi. An yi ta ja-in-ja daga baya kan ƙarfin wannan sakamako, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa ya rayu: jiki ne ke hura wutar, fassara ce ke raɗa mata suna. Lisa Feldman Barrett ta Jami'ar Northeastern ta kai maganar gaba, tana cewa ƙwaƙwalwa ƙera motsin rai take yi a kowane lokaci, daga abin da jiki ke ji, da abin da ya taɓa faruwa da kai, da kalmomin da al'ummarka ta koya maka.

Ba kowa ya yarda da ita ba. Paul Ekman, wanda ya je wurin mutanen Fore a tsaunukan Papua New Guinea a ƙarshen shekarun 1960 yana nuna musu hotunan fuskoki, ya tafi a kan cewa akwai guda shida da ɗan Adam ke ganewa a fuska ko'ina yake: murna, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki. Wato labarin zuciya a tambayi fuska. Ni dai da na girma a garin da amarya ke kuka ranar da ta fi kowace daɗi, uwa kuma ke kau da kai daga ɗan fari don kunya, ina ganin karin maganar na da iyaka. Fuskar Basakkwace ba ta cika ba da labari kyauta ba.

Sauran butar. Tunani na iya juyawa cikin ƙiftawar ido, amma sinadaran da suka riga suka shiga jini sai sun ɗauki lokaci kafin su lafa. Dolf Zillmann ya gwada wannan a farkon shekarun 1970: mutanen da aka tsokana sannan aka sa su tuƙa keken motsa jiki sun fi tsananta ramuwa, saboda sun ɗora bugun zuciyar keke a kan wanda ya tsokane su. Ragowar wutar Dandima ce ta sauka a kan yarona. Yawancin faɗan da ake yi a gida da magariba, daga kasuwa ko ofis aka shigo da garwashinsa.

Idan zuciya ta tashi, hanya biyu muka fi sani, kuma duk biyun suna da matsala.

Ta farko ita ce a amayar. Za ka ji ana cewa gara ka faɗa ka huta, kada ya zame maka ciwo. Brad Bushman ya gwada wannan a 2002. Ya sa aka kushe rubutun ɗalibai don a fusata su, sannan wasu aka ba su buhun dambe su yi ta naushi suna tuna wanda ya kushe su, wasu kuma aka ce su zauna shiru na ɗan lokaci. Masu naushin ne suka fito da fushi mafi zafi da ramuwa mafi tsanani. Zaman shirun ya fi naushin amfani. Fushi ba ruwan randa ba ne da zai ragu in an kwarfe, ya fi kama da wutar kara, kana fifita tana ci. Haka wanda zai kwana yana bitar maganar da aka faɗa masa, yana tsara amsar da ya kamata ya bayar: duk bita ɗaya, jiki na sake sakin sinadaran kamar yanzu abin ya faru.

Hanya ta biyu ita ce tamu ta gado, kuma a kanta nake so in daɗe. Ina da gwaggo, Allah ya jiƙanta, da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Duk abin da aka yi mata a gidan da take da abokan zama biyu, amsarta ɗaya ce: "Ba komi." Amma in ta ɗauki tsintsiya bayan ta faɗi haka, sai ka ji tana kartar ƙasar tsakar gida kamar za ta haƙo ruwa, jijiyar wuyanta ta miƙe, haƙoranta a datse. Kowa na yabon haƙurinta. Mu yara kuwa, ba wanda ya gaya mana, amma a irin wannan ranar ba ma zama kusa da ɗakinta.

James Gross na Jami'ar Stanford ya raba abin da muke haɗawa a kalma ɗaya, wato haƙuri. A wani gwaji da ya wallafa a 1998, ya nuna wa mutane hoton bidiyo na yanke gaɓa a ɗakin tiyata. Wasu ya ce su daure fuska kada a ga komai. Wasu ya ce su kalla da idon mai nazari, kamar ɗalibin likita. Masu daure fuskar sun ɓoye abin a waje, amma ƙyamar da suke ji ba ta ragu ba, jikinsu kuma ya ƙara tashi fiye da na wanda aka bari ya kalla yadda ya ga dama. Masu sauya kallon kuwa, abin da suke ji ne kansa ya ragu, ba tare da jiki ya biya kuɗin ba. A wani gwajin da shi da abokan aikinsa suka yi daga baya, har wanda ke hira da mai dannewar jininsa ya hau. Abin da mu yara muke ji a tsakar gidan gwaggo ke nan.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma garin da kowa ke faɗin duk abin da ya zo bakinsa ba ya zaunuwa. Hasali ma binciken su Gross ya nuna illar dannewa ta fi sauƙi ga mutanen da suka taso cikin al'adar da ke girmama kawaici, domin su ba sa jin kamar an shaƙe su ne. Kame baki a lokacin da wuta ke ci daidai ne. Inda gizo ke saƙar shi ne a kame bakin a tsaya nan, shekara da shekaru, cikin na tafasa, ana kiran abin haƙuri. Haƙurin dattijon da ya dubi wanda ya zage shi ya ga yaro ne da bai san ciwon kansa ba, daban yake da haƙurin wanda ya haɗiye yana ƙirga wa ranar ramuwa. Na farko ya sauya labarin, na biyu fuska kawai ya sauya.

Malamanmu ba su taɓa cewa a kashe motsin rai ba. Alƙur'ani ya yabi masu haɗiye fushi, amma a ayar nan ta 134 cikin Ali Imrana bai tsaya a haɗiyewar ba, ya biyo da masu yafe wa mutane. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Imam Gazali ya yi bayanin cewa ba tumɓuke fushi ake nema ba, horar da shi ake yi, domin wanda ba ya fushi ko kaɗan ba zai kare gaskiya ba. Shi ma Shehu Usmanu, inda yake lissafa halayen da ke halaka zuciya tare da girman kai da hassada, fushi a kan ɓata ya ambata, ba fushi tsagwaronsa ba.

Dabarun da suka fi aiki kuwa suna bin tsarin yadda abin ke tasowa ne. A mintocin farko, sashen goshi ba ya da cikakken iko, don haka wa'azi ba ya shiga, jiki ake fara lallashi. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kishingiɗa. Wani da Imam Ahmad ya ruwaito ya ce ya yi shiru. Ba na cikin masu cewa kimiyya ta zo ta gaskata hadisi, hadisi ba ya jiran ɗakin gwaji. Amma hikimar a fili take: wanda ke kwance ba ya mari, wanda ya yi shiru ba ya saki. Malaman da ake zuwar wa da "wallahi cikin hushi na yi" sun fi kowa sanin adadin gidajen da minti biyar ya rusa. Ko alƙali an hana shi yanke hukunci yana cikin fushi.

Numfashi shi ne ƙofar da muke da ita zuwa ga abin da ba mu da iko da shi kai tsaye. Ba za ka iya umartar zuciyarka ta rage gudu ba, amma duk lokacin da ka fitar da numfashi, wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙirji da ciki takan ɗan taka mata birki. Shi ya sa fitarwar ta fi shaƙar muhimmanci: ka shaƙa kana ƙirga huɗu, ka fitar a hankali kana ƙirga shida, ka maimaita na minti ɗaya ko biyu. Ruwan sanyi a fuska ma yana rage bugun zuciya. Ruwan randa ya wadatar, wanda ya yi alwala kuma ya haɗa biyu.

Sai kiran abu da sunansa. Matthew Lieberman a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya nuna a 2007, da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, cewa idan mutum ya sa wa motsin ran da yake gani suna, amigdala takan lafa, wani sashe na goshi ya ƙara aiki. A nan Hausa ta yi mana gata, mu ne muka yi sakaci muka tattara komai a "raina ya ɓaci". Haushi daban, takaici daban. Kishi ba ƙyashi ba ne, zullumi ba fargaba ba ne, kewa ba baƙin ciki ba ce. Maigidan da ke faɗa a kan gishirin miya, in ya tsaya ya bincika, sau da yawa zai tarar zullumin kuɗin makaranta ne ya sa rigar fushi, saboda namiji a wurinmu an yarda ya yi fushi amma ba a yarda ya ce yana tsoro ba. Maganin fushi da maganin zullumi kuwa ba ɗaya ba ne.

Tun ƙarni na 9 zuwa na 10, wani malami a Balkh da ke ƙasar Afganistan ta yau, Abu Zaid al-Balkhi, ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Wannan ita ce sauya fassarar da Gross ya auna bayan shekara dubu. A Dandima sa'a na ci, gemu ya yi mini aikin. Ba kullum ake samun gemu ba, don haka tambayar sai ka riƙe ta a aljihu tun daga gida: in ba raini ba ne fa, me kuma zai iya zama?

Akwai kuma abin da ke riga duk wannan. A 2007 ɗakin binciken Matthew Walker a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya hana mutane barci na kusan awa 35, ya tarar amigdalarsu ta fi ta waɗanda suka samu barci tashi da kusan kashi 60 cikin ɗari a gaban hotuna masu tayar da hankali, alaƙarta da sashen goshi kuma ta yi rauni. An kuma daɗe da lura cewa faɗa da tashin hankali na ƙaruwa a lokacin zafi. Yanzu ka haɗa lissafin bazarar Sakkwato: zafi ya haura digiri 40, babu wuta, an kwana a waje ana fama da sauro, wasu shekarun ga azumi a kai. Mutumin da ke wannan hali ba mugun hali ne ya same shi ba, birkinsa ne ya cinye. Maganar gado, ko ta bashi, ko ta abin da surukai suka ce, ba ta ƙarfe biyun rana ba ce. Ta jira bayan isha'i, an ci an sha.

Duk waɗannan dabaru na motsin rai na yau da kullum ne, mai zuwa ya wuce. Akwai wanda ba ya wucewa. Idan mutum ya kai mako biyu ko fiye cikin ƙunci kusan kullum, abin da yake so da ya daina yi masa daɗi, barci da cin abinci sun rikice, yana jin ba shi da amfani ko yana tunanin gara ya mutu, wannan ciwon damuwa ne, kuma ana maganinsa. Yakan kama mata bayan haihuwa, a yi ta ce wa mai jego ta gode wa Allah, alhali ba butulci ke damunta ba. Ga kuma 'yan'uwanmu da suka baro ƙauyukan Isa da Sabon Birni saboda 'yan bindiga, waɗanda ƙarar babura da dare ke sa wasunsu zabura jiƙe da gumi ko da suna tsakiyar birni. Baƙin tsumman nan ne, maigadin ƙwaƙwalwa ya ƙi yarda cewa an tsira. Ce wa irin wannan ya yi haƙuri kawai kamar ce wa mai karaya ya daure ya taka ne.

A garin nan "a kai shi Kware" zagi ne, shi ya sa mutane ke jira sai abu ya ƙazanta. Amma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ba na waɗanda suka fita hayyacinsu kaɗai ba ne, akwai masu zuwa a duba su su koma gida a ranar. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ma na da sashen masu wannan aiki, kuma ana iya fara maganar da likitan da ke duba hawan jini. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da ke kallon mai irin wannan ciwo a matsayin wanda za a tsare kawai. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna, kamar yadda ba sa karo a kan zazzaɓin cizon sauro. Wanda kuma ya furta cewa ya gaji da rayuwa, ba a barinsa shi kaɗai a ɗaki, a ranar ake raka shi wurin likita.